Shekara huɗu ina karatun halayyar ɗan Adam a Amurka: abin da na kwaso da abin da ban samo ba

 

Kafin in shiga magana, bari in gyara wani abu. Ɗan uwana mai gabatarwa ya kira ni lokotoro. Na gode da karamci, amma ni ba lokotoro ba ce. Lisansi gare ni a fannin sikoloji, wato ilimin halayyar ɗan Adam, kuma wannan takarda ba ta ba ni izinin yi wa kowa magani ba, ko a can inda na karanto, ko a nan gida. Ku riƙe wannan magana, zan dawo kanta, don akwai ranar da na kusa mantawa da ita, kuma da na manta da na cuci wani.

Da na ci bak, Allah Ya ba ni sa'ar samun tallafin karatu a wata ƙaramar makaranta a arewacin Amurka. Ba irin manyan jami'o'in da kuke jin sunansu ba ce. Ɗalibanta duka ba su kai 2000 ba, garin kuma ƙauye ne, gonakin masara sun kewaye shi ta ko'ina. Irin waɗannan makarantu shekara huɗu ake yi a cikinsu, kuma yawancinsu lisansi kawai suke bayarwa. Sunan da ake kiransu da shi daga Latin ya samo asali, ma'anarsa ilimin da ya dace da ƴantacce, ɗa, wanda zai zauna a majalisa a ji ta bakinsa. A Turai ta da, fannoni bakwai ne: nahawu, balaga, manɗiƙi, lissafi, ilimin auna fili, kiɗa da ilimin taurari. Da na ji jerin nan sai na tuna zauren kakana a Damagaram, inda almajiri ba ya zama malami sai ya ratsa nahawu da lugga da balaga da hisabi. Ashe tunanin ba baƙo ba ne a wajenmu.

Ga yadda abin yake tafiya. A nan, ranar da ka yi rajista a fakilte ka riga ka zaɓi hanyarka: in lauya ne lauya, in likitanci ne likitanci. A can ana shiga ba tare da fanni ba, sai wajen ƙarshen shekara ta biyu kake bayyana abin da ka zaɓa. A makarantarmu darussa huɗu ake ɗauka kowane zango, kimanin 32 ke nan a shekara huɗu, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na fanninka. Sauran dole ka watsa su: kimiyya, tarihi, adabi, wani harshe, lissafi. Na yi ajin da mu goma sha biyu ne kacal da malami a kan tebur guda. Babu wurin ɓuya. In ba ka karanta shafukan da aka ba ka ba, kowa zai gani a fuskarka. Kofi Annan a irin wannan makaranta ya yi, Macalester ta jihar Minnesota, ya gama a 1961. Patrick Awuah ma ya fito daga Swarthmore, ya koma Ghana ya kafa jami'ar Ashesi a 2002 bisa wannan tsari. Amma kada in yaudare ku, karatu ne mai tsadar gaske. Da yawa daga cikinsu kuɗin shekara ya haura dala 60,000, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta kasuwa ba. In ba tallafi, ko mahaifina ya sayar da gida da gona ba zai biya mini zango ɗaya ba.

Ni da niyyar karanta tattalin arziki na tafi. Sikoloji na ɗauke shi ne don cike gurbi, saboda lokacinsa bai ci karo da sauran darussana ba. Da na kira gida na ce na canza fanni, mahaifina ya yi shiru, can ya ce, "To, ke nan duk nisan nan kika yi don ki zama likitar mahaukata?" Wata ƙawata ta Yamai kuwa dariya ta yi, ta ce in na dawo a Pabiyon E za a neme ni. Wasu har yau tsoron zama da ni suke, wai ina karanta zuciyar mutum. Wallahi ban san abin da ke zuciyar kowa a ɗakin nan ba. Abin da aka fi koya mini shi ne ƙididdiga. Zango biyu cur na yi ina fama da lissafin alƙaluma da hanyoyin bincike, ni da na gudu daga lissafi tun ina lise.

Dalili kuwa shi ne, tun da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji na farko a birnin Leipzig na Jamus a 1879, fannin nan yake ƙoƙarin raba kansa da hirar bakin shayi. Kowa yana da ra'ayi kan halin mutane. Tambayar da ake yi maka a aji ita ce: ta yaya ka sani? Wa ka gwada? Mutum nawa? Da wa ka kwatanta su? Zan ba ku misali biyu da suka tsaya mini a rai, don sun shafi aikin ƙungiya irin tamu.

Na farko, gwajin Stanley Milgram a jami'ar Yale, wanda ya fara a 1961. Ana kawo mutum a ce masa bincike ne kan koyo. A zaunar da shi gaban na'ura mai maɓallai daga bolt 15 zuwa 450, a ce duk lokacin da ɗalibin da ke ɗaya ɗakin ya yi kuskure, ya danna masa lantarki, kuma ya riƙa ƙarawa. Lantarkin na ƙarya ne, ɗalibin ma ɗan wasa ne, amma mai dannawa bai sani ba. In ya yi jinkiri, wani mutum mai rigar masana zai ce masa ya ci gaba. A gwajin da aka fi sani, cikin maza 40, 26 sun danna har maɓalli na ƙarshe. Suna gumi, suna rawar jiki, wasu na roƙon a tsaya, amma hannunsu bai daina ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, da Milgram ya sake tsarin ya sa wasu mutum biyu a gefe suka ƙi ci gaba, mafi yawan masu dannawar su ma sun ƙi. Ku da kuke cewa me muryata ni kaɗai za ta canza, ga amsa. Wanda ya fara cewa a'a yana sauƙaƙa wa na kusa da shi.

Na biyu, aikin Elizabeth Loftus a 1974. Ta nuna wa ɗalibai fim ɗin haɗarin mota, sannan ta tambaye su gudun da motocin suke yi. Wasu ta yi musu tambayar da kalma mai sauƙi, kamar a ce motocin sun bugi juna, wasu kuma da kalma mai nauyi, kamar a ce sun yi raga-raga. Bayan mako guda ta tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi. Babu gilashi ko ɗaya a fim ɗin. Cikin 50 da aka yi wa tambaya mai nauyi, 16 suka ce sun gani, a ɗaya rukunin kuwa 7 ne. Ba ƙarya suke yi ba, sun tuna abin da bai faru ba ne. Tun daga ranar, in aka turo mini murya a WhatsApp wani yana rantsuwa da idonsa ya gani, ba na ƙaryata shi, amma ina tambaya: wa ya fara ba shi labarin, kuma da waɗanne kalmomi?

To, a shekara ta farko akwai wata ƙa'ida: duk mai ɗaukar darasin farko na sikoloji sai ya ba da wasu awoyi a gwada shi a binciken malamai da manyan ɗalibai. Na zauna gaban kwamfuta ina danna maɓalli, na cike takardun tambayoyi iri-iri. Wata rana aka ba mu takarda kan jin kunya. Duk tambayoyin sun ɗauki kunya a matsayin ciwo: mai ita yana ganin kansa ba kowa ba, yana son ƙasa ta tsage ya shige. Na rasa yadda zan amsa. A gidanmu in aka ce yarinya tana da kunya, yabo ne. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, suruki ba ya cin abinci gaban surukinsa, kuma babu wanda ya ce suna da matsala. Na je wajen malamar na gaya mata. Ba ta kare takardar ba. Ta miƙo mini wata maƙala ta 2010 da Joseph Henrich da abokan aikinsa biyu suka rubuta, ta ce in karanta in dawo mu yi magana.

Abin da na gani a ciki ya girgiza ni. An duba manyan mujallun fannin na shekarun 2003 zuwa 2007, aka tarar kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka yi bincike a kansu daga ƙasashen Yamma masu arziki suke, ƙasashen da ba su wuce kashi 12 cikin 100 na mutanen duniya ba. Kashi 68 daga Amurka kaɗai. Da yawansu kuma ɗaliban jami'a ne irina, masu neman maki. Wato littafin da ke hannuna ya ce ga halin ɗan Adam, alhali mafi yawansa halin ɗalibin Amurka ɗan shekara 19 ne. Ana cikin haka kuma, a 2015 wasu masu bincike kimanin 270 suka haɗu suka maimaita gwaje-gwaje 100 da aka riga aka buga, sai kashi 36 cikin 100 kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi. Malamanmu ba su ɓoye mana wannan ba, a aji muka tattauna shi. Kuma a nan ne na ga amfanin irin makarantar: da safe ina ajin sikoloji, da rana ina ajin tarihin mulkin mallaka muna karanta Frantz Fanon, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Martinik da ya yi aiki a asibitin Blida ta Aljeriya daga 1953, ya ga yadda masana na zamaninsa ke rubuta wariya su kira ta kimiyya. Darasi ɗaya yana yi wa ɗaya tambaya, ni kuma ina tsakiya dole in yi tunani da kaina.

Yanzu bari in faɗa muku abin da ban taɓa faɗa a taro ba. A shekara ta biyu da tafiyata, lokacin sanyinsu, kakata ta rasu. Ita ta raine ni. Ban samu zuwa ba, a salula na ji. A can rana tana faɗuwa tun kafin ƙarfe biyar, ƙanƙara ta rufe komai, ba mai shigowa ya ce sannu da haƙuri, ba zaman makoki, ba sadakar uku ko ta bakwai. Na yi kusan wata biyu ba na iya tashi da safe. Abinci ba ya shiga. Sallah ma da ƙyar. Ina karanta alamomin ciwon a littafi, ina ganin kaina a ciki, amma ina cewa wannan na Turawa ne, ni Musulma ce, haƙuri zan yi. Malamar nan ce ta lura kujerata ba kowa, don a ajin mutum goma sha biyu rashin mutum ɗaya ba ya ɓoyuwa. Ta raka ni da ƙafarta har ofishin masu ba da shawara. Na yi zama takwas da wata mata. Ba ta san komai game da Damagaram ba, amma ta iya saurare. Ita ce ma ta tambaye ni me ake yi a garinmu in an yi rasuwa, da na gaya mata ta ce me zai hana in yi a nan. Na dafa shinkafa, na tara ɗalibai Musulmi ƴan Senegal da Pakistan, muka yi wa kakata addu'a. Daga nan na fara samun kaina. Ban bar haƙuri da addu'a ba, ban kuma ƙi taimakon mutum ba, duka biyun suka ɗauke ni.

Bayan haka na shiga neman waɗanda suka yi wannan tunani kafin ni. Na samu Abu Zaid al-Balkhi, malamin Musulunci da ya rasu a 934, wanda ya rubuta littafi kan lafiyar jiki da ta rai, har ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke sauko wa mutum haka kawai. Na samu Thomas Adeoye Lambo, likitan Najeriya da ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta a 1954: maimakon a kulle majinyaci, sai a sauke shi a gidajen ƙauye tare da wani ɗan uwansa, yana zuwa asibiti da rana, kuma ana aiki tare da masu maganin gargajiya. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Na samu Dixon Chibanda na Zimbabwe, wanda ya horar da tsofaffin mata su zauna kan benci a harabar asibiti suna sauraren masu damuwa, ana yin zama shida, kuma binciken da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da kakannin sun samu sauƙi ƙwarai. Sunan ciwon a harshen Shona ma'anarsa tunani da yawa. Mu ma ai haka muke cewa: wane tunani ya yi masa yawa.

Yanzu in dawo kan maganar da na ce ku riƙe. Wata uku da dawowata, gwaggota ta zo da dare. Ɗanta, ƙanena ke nan, ɗan kabu-kabu ne, ya fara shan tramol don ya jure aiki, abin ya kai ba ya barci, yana surutai, yana zargin kowa. Sun ɗaure shi a ɗaki da sarƙa a ƙafa. Ta kama hannuna ta ce, "Ƴata, ke kika karanto abin nan, ki yi masa wani abu." Ƴan uwa, zuciyata ta so in ce to. Shekara huɗu ana cewa me zan ci da wannan karatu, ga ranar nuna amfaninsa ta zo. Amma abin da na karanta ya isa in gane yaron nan yana buƙatar likita da magani, kuma in na zauna ina yi masa hira ina jin daɗin ana kirana lokotoro, zai iya rasa ransa. Na ce, "Gwaggo, ni ba zan iya ba, amma na san inda za mu je, kuma ba zan bar ki ke kaɗai ba." Ta ji haushina. Sai da muka kwana biyu ina lallashi, da taimakon limamin kartiyenmu, kafin aka kwance shi muka kai shi asibiti. Aikina bai wuce rakiya ba, da fassara abin da likita ya ce zuwa Hausar da uwarsa za ta gane, da hana yara tsokanarsa. Ya koma sha sau ɗaya, muka sake komawa. Yau yana koyon ɗinki. Ban ce ya warke ba, muna dai tare da shi.

A Amurka, wanda zai yi wa mutane magani sai ya ƙara digiri na biyu ko na uku, ya yi dogon horo ƙarƙashin ƙwararre, ya samu lasisi. Mai lisansi irina aikinsa bincike, koyarwa, aikin jama'a. Ni yanzu aikin tattara bayanai nake yi a wajen ƴan gudun hijirar da suka shigo jihar Maraɗi daga Zamfara da Sakkwato da Katsina tun 2019. Kullum ina cin karo da matsalar takardar kunya: tambayoyin da aka tsara a Turai, aka juya su Faransanci, sannan a ce in juya su Hausa a tsaye. Ka tambayi matar da aka kashe mijinta a gabanta yaya take ji, ta ce alhamdulillahi. In ka rubuta lafiya lau, ka yi ƙarya. Sai ka tambaye ta barci, ka tambaye ta cin abinci, ka tambaye ta ko tana iya zama cikin mata, sannan magana ta fito.

Saboda haka ga roƙona. Ku da kuke karatu a Yamai, Damagaram, Maraɗi da Tawa, kada ku ce sai an je Amurka. Abin da ya fi yi mini amfani a can ba ginin ba ne, ɗabi'u biyu ne: karanta abin da ba fanninka ba, da tambayar ta yaya ka sani. Na san anfi mai ɗaruruwan ɗalibai ba ya ba da damar muhawara. Amma muna da fada. Ku ware dare ɗaya a mako, mutum goma, mai karatun lauya da mai karatun noma da mai karatun likita, a karanta abu guda a yi gardama a kansa, shayi na kan wuta. Wannan shi ne ajin da aka biya mini miliyoyi in zauna a cikinsa.

Ku da kuke sha'awar sikoloji, ku shiga da idonku a buɗe. Akwai lissafi, hanyar tana da tsawo, kuma aikin ba ya jiran kowa a bakin ƙofa. Amma kusan duk abin da ya shafi ran Bahaushe, kunya, haƙuri, kara, fulako na maƙwabtanmu, yadda muke makoki, ba a rubuta shi da ma'auni ba tukuna. In ba mu rubuta ba, wani zai zo ya auna mu da mudun da ba namu ba.

Sauranmu kuma, kowa a nan ya san gida ɗaya da ake ɓoye wani a ɗaki. Ba sai kana da takarda ba kafin ka je ka gaida uwarsa, ka raka su asibiti, ka tsawata wa yaran da ke jifansa. Kuma in abokinka na fada ya daina fitowa, kada ka jira a ce maka wani abu ya faru, je ka ƙwanƙwasa ƙofarsa.

Mahaifina yana nan a baya, ya ce ba zai zauna gaba ba. Baba, har yanzu ban zama lokotoro ba, amma in Allah Ya yarda zan koma karatu.

Inda na yi kuskure ku gyara mini, akwai lokacin tambayoyi.